Injin Soja a Bayan Ɗakin Inna Sa'a

Ranar da Kailu ya sayo injin, unguwa ta fito kallo kamar an kawo amarya. Mota ba ta shiga lungun gidansu da ke bayan kasuwar Gouro a Adjamé, don haka a bakin titi aka sauke shi, ƙarti suka yi ta turo shi a kan tayoyinsa suna nishi. Kore ne irin fentin soja, an yi ƙoƙarin goge lambobin jikinsa amma ba su gogu duka ba. Injin wuta ne mai shan gazuwal, wato man dizal, abin da mutanen Abidjan ke ce wa gurup.

Kailu yana gaba yana ba da umarni, bakinsa ya ƙi rufuwa. Duk wanda ya tsaya sai ya ji labarin: a wani fili bayan kasuwar da ake kira Black Market ya same shi, dillalin ya rantse masa daga barikin sojojin waje ya fito, lokacin da suka yi gwanjon komatsansu. Injin da ya yi zaman sahara bai taɓa tari ba, in ji dillali. Kailu mahauci ne ɗan mahauci. Mahaifinsa Alhaji Uwaisu bai cika wata da rasuwa ba, ya bar masa shagon nama a ƙofar gida da manyan firizoji a ciki. A wancan zafin kuwa ɗauke wuta ake yi tun safe har yamma, kuma a makon da ya wuce naman sa guda ya ruɓe masa, sai da aka haƙa rami. Babu wanda ya ga laifinsa da ya sayi inji, ni ma ban gani ba. Wurin da aka ajiye shi ne maganar.

A ƙofar gida ba zai yiwu ba, ɓarayin waya za su yashe shi kafin a kwana biyu. A tsakar gida matarsa Maijidda ta ce nan ne murhunta kuma nan yara ke wasa. Da aka nufi gefen ɗakunan haya, wata 'yar haya 'yar ƙabilar Jula ta fito ta riƙe ƙugu ta faɗa da Faransanci cewa ranar da aka tayar da shi a ƙofarta, ranar za ta kwashe kayanta. Saura wuri ɗaya, wani ɗan tsukin lungu a can baya, tsakanin katangar maƙwabci da ɗakin mahaifiyar Kailu. Nan aka cusa shi. Ana cikin daidaita shi sai maƙwabcin, tsohon jandarma, ya leƙo ta saman katanga ya ce idan hayaƙi ya shigo masa gida, to su haɗu a ofishin 'yan sanda. Kailu ya ba shi haƙuri da fara'a, ya sa aka juya injin. Bakin bututun hayaƙin ya bar katangar jandarma ya fuskanci tagar Inna Sa'a, tazarar bai fi ka miƙa hannu ba.

Kowa mai baki a gidan nan ya yi magana an kuma saurare shi. Inna Sa'a ce kaɗai ba a tambaya ba, tana zaune a ciki a kan tabarma da carbinta, tana jin su sarai.

Abu biyu ne suka ɗaure ta. Na farko takaba take yi, ba ta fita, ba ta ado, kuma a ɗakin da mijinta ya bar ta take zaune. Na biyu Kailu ɗanta ne na fari. Ita kuwa tarbiyyar garin Ƙonni na Nijar ce ta asali, shekaru fiye da arba'in a Abidjan ba su rage mata komai ba. Tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba, ba ta taɓa roƙonsa ko ruwan sha ba. In za ta ambace shi ga ƙannensa sai ta ce yayanku, ga Maijidda ta ce mijinki. Duk dangi suna alfahari da wannan kunya tata. In ana yi wa matan zamani gori, da ita ake ba da misali.

Washegari da hantsi aka ɗauke wuta. Kailu ya murɗa makulli, injin ya yi wata shaƙa, ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi dunƙule guda, sannan ya kama. Yara suka yi ihun murna. A cikin ɗaki kwanukan Inna suka soma rawa a kan kanta, ƙura ta riƙa zubowa daga rufi. Ta tashi ta rufe taga. Ba a daɗe ba gumi ya jiƙe mata zane, domin ɗakin rufin kwano ne kuma tagar ita ce kaɗai hanyar iska. Ta buɗe, hayaƙi ya shigo. Ta sake rufewa, ta toshe ramukan da tsumma. Haka ta wuni tsakanin buɗewa da rufewa har aka dawo da wuta gab da magariba, kunnuwanta suka ci gaba da ƙara su kaɗai.

Kullum da safe Kailu yakan zo gaishe ta, wannan kam ba ya fashi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ita ta kawar da fuska wajen bango.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau."

"Babu wata damuwa?"

"Babu. Allah shi yi albarka."

Sai ya miƙe ya tafi shago da zuciya wasai. Wannan lahiya lau ɗin ita ce ta zama shaidarsa a gaban kowa. Ya san sarai ko wuta ce ke cin zanenta abin da za ta ce masa ke nan, a gidan ya girma. Amma mutum in yana son amsa, ya san wanda zai tambaya da yadda zai yi tambayar.

Ba wai ta yi shiru ba ne gaba ɗaya. Ta yi magana ta hanyar da aka koya mata. Da Maijidda ta kawo mata tuwo, ta ce mata a hankali, wanga abu na mijinki numfashinsa da zahi. Maijidda ta yi dariya ta ce ai ko sauro ya gudu daga gidan tun da aka kawo shi, Inna ta huta da cizo. Wata rana ta ce furar tana warin gazuwal. Maijidda ta ɗanɗana ta ce ita ba ta ji ba, bakin mai takaba ne ba ya jin daɗin komai. Saƙon dai ya isa kunnen Kailu, amma a tace. Abin da ya fahimta, ko abin da ya ga dama ya fahimta, shi ne Inna tana jin zafi. Sai ga shi da sabuwar fanka, ya sa aka ja waya daga injin har ɗakinta, aka kafa fankar a jikin taga. Ya yi ta faɗa wa abokansa cewa duk Adjamé tana gumi amma tsohuwarsa tana shan iska. Fankar ta riƙa zuƙo hayaƙin tana watsa mata a fuska. Inna ba ta kashe ta in yana gida, don kada ya ga kamar ta raina kyautarsa.

Ta gwada zama a tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a gindin bango nesa da lungun. Kwana biyu ta samu sauƙi. To amma tun da injin ya zo, mahautan da ba su da wuta suka fara kawo namansu ajiya a firizojin Kailu, gidan ya zama hanya, maza na shiga suna fita da cinyoyin shanu a kafaɗa. Cikinsu har da Baba Rabilu, ƙanen marigayi, wanda yanzu shi ne babba a dangi, kuma rabin firiza guda namansa ne. Ya gan ta a waje, ya tsaya ya gaishe ta da ladabi, sannan ya aiko Maijidda da saƙo: bai dace matar yayansa tana takaba ƙarti suna ratsa ta ba, ta koma ciki, mutane suna da baki. Ta naɗe tabarmarta ta koma.

Tari ya fara kama ta kamar na mura, sannan ya sauka ƙirji. In ta tofa majina sai ta ga baƙa. Farin mayafin sallarta ya koma ruwan toka, ko an wanke ba ya fita. Ciwon kai yakan kama ta da zarar injin ya tashi, ya riƙe ta har dare. Kiran salla da take ji daga masallacin bakin kasuwa ya ɓace a cikin gurnanin, sai ta riƙa duban inuwa a ƙofa tana kintatar lokaci. Daga baya ta fara mantuwa a cikin sallar kanta, ta tsaya a tsaye ba ta san raka'a ta nawa take ba. Wannan ya fi tarin ɗaga mata hankali. Ta yi kuka a kai, ita kaɗai.

Autarta Haulatu tana aure a Treichville, ƙetaren gada. Haifaffiyar Abidjan ce, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma ba ta gaji kunyar uwarta ba ko kaɗan. Ranar Juma'ar da ta zo ta tarar da injin yana aiki, ta ɗaga labule ta shiga, sai ta ja da baya tana tari. Da ƙyar ta hango uwar a kwance a kusurwa, ta rufe hanci da gefen zane. Ta fita a fusace ta sami yayanta a shago yana sara ƙashi.

"Yaya, ka shiga ɗakin Maman kuwa? C'est pas possible, wannan ba zai yiwu ba. Ko akuya ba a ɗaurewa a nan."

Ya ce kullum yana gaishe ta, kuma da bakinta take ce masa lahiya lau. Da abin yana damunta da ta faɗa.

"Ta faɗa maka? Kai? Yaushe ta taɓa faɗa maka wani abu?"

Ya ajiye gatarin ya ce ta iya bakinta a gaban mutane. Sojoji a gindin injin nan suke kwana, babu wanda ya mutu. Kuma tuwon da Inna ke ci da maganin da take sha, daga cikin firizojin nan suke fitowa. In an kashe inji, ita Haulatu ce za ta ciyar da gidan? Zai sa a gyara wurin in kasuwa ta lafa, ça va aller, komai zai daidaita.

Haulatu ta koma wajen Maijidda ta ce to a yi musanya, Inna ta dawo ɗakin gaba su su koma na baya, ai kwana nawa ne. Maijidda ta zaro ido ta ce, da yara ƙanana? So kike su shaƙi wannan abin? Ta faɗa ne kafin ta yi tunani, da ta ji abin da ya fito daga bakinta sai ta yi sauri ta ƙara da cewa ban da haka ma ɗakin marigayi ne, a nan ake takaba. Ashe dai kowa a gidan ya san abin da ke cikin hayaƙin.

Sai Haulatu ta ce za ta tafi da uwarta Treichville. Ɗaki ɗaya ne da falo suke da shi, amma mijinta ya yarda, ya ce shi zai koma kwana a shagonsa. Magana ta je gaban Baba Rabilu. Ya zauna a kan kujerar marigayi, ya gyara hula, ya yi dogon bayani. Mace a gidan mijinta take takaba, wannan ba al'ada ba ce kawai, addini ne. Kuma me za a ce a cikin 'yan Nijar na Adjamé? A ce Uwaisu ya rasu bai yi sanyi a kabari ba, matarsa ta koma cin tuwon suruki, ɗanta na fari yana raye da dukiyarsa? Haulatu ta ce ta tambayi limamin unguwarsu, ya ce in akwai cutarwa mai takaba tana iya sauya wuri. Baba Rabilu ya ce to sai a fara tabbatar da cutarwar. Ya ɗaga murya ya tambayi Inna ta bayan labule, Kailu yana zaune a gefensa, ko akwai mai cutar da ita a gidan nan.

An tambayi uwa ta kai ƙarar ɗanta na fari a gaban ƙanen mijinta, shi kuma yana ji. Muryar Inna ta fito a shaƙe.

"Babu mai cuta ta. Ku bar wagga magana."

Baba Rabilu ya buɗe hannuwa ya dubi Haulatu, shari'a ta ƙare. Da suka watse ta shiga ta faɗa jikin uwarta tana kuka tana tambayarta me ya sa. Inna ta shafa kanta ta ce, yayanku ne, in na tona shi wa na tona? Sauran kwanakin kaɗan ne, in ta fita takaba za ta zo Treichville ta daɗe.

Abin da Haulatu ta iya yi shi ne ta kai ta wani ƙaramin asibiti da rana su dawo kafin yamma, wannan Baba Rabilu bai hana ba. Likitar ta saurari ƙirjin, ta tambayi ko tsohuwar tana aikin gawayi ne ko ƙyafa kifi. Da aka gaya mata, ta ce a raba ta da hayaƙin yau ba gobe ba, magani ba zai yi komai ba in tana komawa ciki. Kailu ya karɓi takardar magani ya sayo duka har da ƙari, da lemo da madara da abin shaƙa na masu asma, ya jere su a bakin ƙofarta inda kowa zai gani. Zancen rabuwa da hayaƙi kuwa ya ce likitoci haka suke, ba su taɓa sayar da nama ba. Wanda ya ga jerin kwalaben nan sai ya sa masa albarka, a ce Sa'a ta haifi ɗa.

Azumi ya matso, firizoji suka cika har murfi ba ya rufuwa sosai. Sai wuta ta tafi wata Talata ba ta dawo ba. Aka ce wani babban abu ne ya ƙone a tashar unguwar. Injin ya wuni, ya kwana, ya sake wuni, ana ɗura masa gazuwal yana aiki. Tsufansa ya fito fili, hayaƙin ya ƙara kauri, wani baƙin mai yana ɗiga daga bakin bututun yana fantsama a bangon Inna. Tuwon da aka kai mata ya dawo yadda aka kai shi. Da Maijidda ta leƙa da safe, Inna ta kalle ta ta kira ta da sunan wata ƙanwarta da ta rasu a Ƙonni tun da daɗewa, ta tambaye ta ko an ɗaure awaki.

Bayan azahar ta rana ta biyu, shago cike da mahauta da masu saye, sai aka ga labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Inna Sa'a ce, tana dafe da bango, babu mayafi, ɗankwalinta ya zame furfura a waje, leɓunanta sun yi wani irin launi. Ta tsaya tana jan iska da baki. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta ido cikin ido.

"Kailu."

Wuƙar da ke hannunsa ta faɗi a kan katako. Bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.

"Kailu, ka kashe shi. Kashe ni shikai. Don Allah, ɗana."

Mazan suka sunkuyar da kai, wasu suka sulale waje. Kailu ya zabura. Ya wuce ta da gudu, ya shiga lungun ya murɗe makullin. Shirun da ya sauka a gidan har nauyi ne da shi. Maijidda ta lulluɓa mata zane ta zaunar da ita a tsakar gida, aka ba ta ruwa. Ta jingina da bango ta rufe ido, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Kailu ya tsuguna can nesa yana share hawaye da bayan hannu. A wannan ɗan lokacin, wallahi, kamar gidan zai gyaru.

Baba Rabilu ne ya fara magana, bayan ya leƙa shago ya ga ruwa ya fara tsattsafowa a ƙarƙashin firiza. Ya ja Kailu gefe ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ba Sa'a ba ce. Shi ya san ta tun ranar da aka kawo ta gidan yayansa. Matar da ko a cikin ɗakinta ba ta faɗi sunan nan ba, ita ce yau za ta fito kai babu ɗankwali cikin maza ta kira shi gatsau? Wani ne ya yi magana da bakinta. Mai takaba jikinta a buɗe yake, iskoki suna samun hanya. Maijidda ta karɓe da sauri, ta ba da labarin ƙanwar da ta rasu da awakin, ta ƙara da mantuwar salla da ciwon kan da ba ya jin magani. Komai ya zauna daram.

Ka ga yadda fuskoki suka saki. Bayanin bai ɗora wa kowa laifi ba, bai kuma ce a motsa ko ƙusa ɗaya ba. Kailu ya ɗago kai a hankali. Abu biyu ne a gabansa: ko dai shi ne ɗan da ya matsa wa uwarsa har ta yar da kunyar rayuwarta a gaban mahauta, ko kuwa aljani ne. Ya zaɓi aljani. Ya ce dama shi ma muryar ta yi masa wani iri.

Aka aika aka kira Malam Inusa, mai yi wa mutanen unguwar ruƙiyya. Ba mugun mutum ba ne, abin da aka gaya masa da shi ya yi aiki, kuma babu wanda ya ambata masa inji, wanda a lokacin yake kwance shiru kamar ba shi ba. Ya dubi tsohuwar, ya yi mata tofi, ya tambaye ta sunanta. Ta faɗa daidai. Ta kama hannun rigarsa ta ce, Malam, lahiyata lau, iska nika so, ku bar ni nan waje. Baba Rabilu ya girgiza kai ya ce ka ji ko, aljanin har ya faɗi abin da yake, iska ne, kuma ba ya son ɗakin da za a yi masa karatu. Malam ya ce a mayar da ita ciki, a kawo garwashi a kasko. Ya kwance ƙullin magani, saiwoyi da ƙaro da wani gari mai yaji, ya ce a lulluɓe ta da bargo ita da kaskon, a rufe ƙofa da taga, kada a buɗe duk abin da aka ji, don in abin ya ji wuta zai yi ta roƙo da muryarta.

Da suka ɗaga ta, ta yi turjiya da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta sake kiran sunan, wannan karon ƙasa-ƙasa. Kailu ya kawar da kai, ya kama ƙafafunta, Maijidda ta kama kafaɗu.

Wata 'yar haya ce ta ga abin ya fi ƙarfinta ta buga wa Haulatu waya. Haulatu ta fito ko takalmi ba ta daidaita ba ta faɗa woro-woro, motar haya, amma yamma ce, gada ta cushe, motoci sun tsaya cik tun daga bakin ruwa har mahaɗar titunan Indénié. Ta yi ta kiran yayanta bai ɗauka ba. Da Maijidda ta ɗauka ta ce mata ta kwantar da hankali, magani ake yi wa Inna.

Malam ya gama karatunsa a bakin ƙofa ya tafi sallar la'asar. Baba Rabilu ya sake leƙa shago ya dawo ya ce wa Kailu, tunda an gano ainihin ciwon, babu dalilin da za a yi asara biyu. Kailu ya ɗan tsaya. Sannan ya shiga lungun. Injin ya shaƙe, ya yi gurnani, ya kama.

Suna zaune a tsakar gida a kan benci suna jin tarin yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, duk da ƙarar injin. Tari ne mai tsawo, ya tsaya, ya sake tashi, wani lokaci da magana a cikinsa. Duk sanda ya yi tsanani Baba Rabilu yakan gyaɗa kai ya ce yana jin jiki, ya kusa fita. Maijidda ta tashi sau ɗaya ta nufi ƙofar, ya ce ta tuna abin da Malam ya ce. Ta dawo ta zauna ta rungume ɗanta. Aka ji an bugi ƙyauren daga ciki, ba da ƙarfi ba. Daga nan tarin ya riƙa raguwa, ya koma jefi-jefi, ya daina.

Babu wanda ya doke ta a gidan nan, babu wanda ya zage ta ko ya hana ta abinci. Kowa da ladabinsa, kowa da hujjarsa, har da aya. Shekara da shekaru suna yabon shirunta domin shirun yana yi musu amfani, ranar da ta buɗe baki sau ɗaya don ta tsira da ranta, sai suka ce ba ita ba ce.

Rana ta yi ja lokacin da Haulatu ta faɗo gidan, ta sauka daga motar tun nesa ta ƙaraso da ƙafa, mayafinta a hannu. Ta ga benci, ta ga ƙofa a rufe, hayaƙi iri biyu yana fita ta saman ƙyauren. Ta nufi ɗakin kai tsaye. Kailu ya miƙe ya tare ta, fuskarsa da wani irin sauƙi, ya sa yatsa a baki.

"A hankali, kada ki tashe ta. An dace, abin ya fita. Rabon da Inna ta samu barci haka babu tari, tun kafin a kawo gurup ɗin nan."

Haulatu ta ture hannunsa ta kara kunnenta a jikin ƙyauren.

"Maman," ta ce. "Inna. Ni ce."

Ta ce wa yayanta ya kashe injin don ta ji ko uwarta tana numfashi. Kailu ya juya ya dubi Baba Rabilu.